Takardar Sabulu a Rufin Rumfa

Har gobe ban manta da ranar da aka danƙa mini wasiƙar korar Baba Modu, aka ce in kai masa Gashuwa da hannuna ba. Tun da kun nace sai na ba ku labari ɗaya kafin in tattara komatsaina in bar muku ofis, to ga shi. Mai latsa waya a can baya ya ajiye ta, ba guduwa za ta yi ba.

Abin ya faru ne a ƙarshen shekarun casa'in, ana ta shirin komawa mulkin farar hula. Lokacin ban zo wannan ma'aikata ba, ina wani ƙaramin kamfanin sabulun wanki a nan Nguru, can bayan tashar jirgin ƙasa. Tsarinmu ba mai tsawo ba ne. A sama akwai mai kamfani, Alhaji Abdullahi, jikan Kanawan da fatauci ya kawo garin nan. Ƙasa da shi manaja, Malam Lawan. Sai ni, jami'in talla, aikina in san abin da kasuwa ke so in kai rahoto. Daga ni sai wakilai, wato waɗanda ake sauke wa kaya su rarraba wa masu shaguna da 'yan tebur da matan da ke sayarwa a cikin gida.

Baba Modu shi ne wakilinmu na Gashuwa, ƙafarsa har kasuwar Dapchi. A takarda yana ƙasa da ni, amma ya haife ni, kuma da shi Alhaji ya fara dafa sabulu a rabin durom tun kamfanin ba shi da ko allo a ƙofa. Babarbare ne, ni kuwa Bafulatani, ubana mai shanu. Kun dai san wasan barkwancin da ke tsakaninmu da su. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum "bawana", ni kuma in ce masa kakansa ne ya yi wa kakana kiwo har ya tsufa.

Sabulunmu sanda ne, dogo, ruwan ƙasa, tsirara muke jera shi a kwali. Yana da kumfa, ba ya cin hannu, ba wanda ya taɓa kuka da shi. Sai sabulun Kano ya fara shigowa, kowace ƙwaya da rigarta ta takarda mai ƙyalli. A kumfa bai kama ƙafar namu ba, amma in aka jera su a tebur ɗaya, namu sai ya zama kamar wanda ya zo biki da kayan gona.

Daidai lokacin aka tura Malam Lawan kwas na mako biyu a Kaduna. Ya dawo da jakar hannu da magana guda: a tambayi mai saye. Ko shayi za a dafa a ofis, sai ya ce a tambayi mai saye. Muna dariya a bayan idonsa, amma tsakani da Allah maganarsa daidai ce, kuma Alhaji ya karɓa. Aka yanke cewa za a yi wa sabulunmu riga, kuma masu saye ne za su zaɓa. Aka ɗora mini shirya taron da rubuta rahoto.

Muka sa wata maɗaba'a a Kano ta yi mana samfuri uku. Na farko fure ne da rubutun boko. Na biyu hoton kifi, tunda mu mutanen Nguru ne. Na uku kuwa Alhaji ne ya kawo shawararsa, kuma da kyakkyawar niyya ya kawo. Ya ce mutanen karkara da yawa ba su karanta boko, amma kusan kowa ya taɓa zaman makarantar allo, don haka a rubuta da ajami. Aka samo wani mai kyan hannu ya rubuta "Sabulun Alhaji Abdullahi", kore a kan fari, da zayyana a gefe. Wallahi ya yi kyau, kai ka ce bangon littafi ne.

To, ga inda na nuna gwanintata. Na gayyato mutum wajen ashirin: manyan 'yan kasuwa, masu shaguna, dillalai biyu, da mai unguwarmu. Duk maza, duk masu babbar riga. Da na zauna daga baya na yi tunani, babu ko ɗaya a cikinsu da ya wanke ko da hularsa da hannunsa tun ranar da ya yi aure. A ina na yi taron? A harabar gidan Alhaji. Da me na fara? Na sa aka kawo shinkafa da kaji da lemo mai sanyi, aka ci aka ƙoshi nak. Sannan Alhaji da kansa ya miƙe ya ɗaga samfuran ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na uku sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan dai ni na ba da shawararsa, amma kada ku duba ni, ku faɗi tsakaninku da Allah."

Wanda ya fi kowa tsufa a wurin, wani mai shago a bakin kasuwa, ya goge maiƙon bakinsa ya ce, "Masha Allahu." Na kusa da shi ya ce, "Ai magana ta ƙare." Haka ta zaga har kan na ƙarshe. Ni kuma ina gefe da biro, ina jin kaina wani babban mai bincike, na rubuta cewa kowa ya amince da samfuri na uku. Na sa hannu, manaja ya sa hannu, aka aika Kano a bugo takardu masu yawan gaske.

Sabon sabulu ya fita bayan ƙaramar salla. A Nguru ba yabo ba fallasa, masu shaguna suna karɓa, ba sa dawo da shi. Amma daga Gashuwa sai kwalaye suka fara dawowa yadda suka tafi, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Wata na farko aka ce sanyi ne, mutane sun rage wanki. Wata na biyu aka ce hatsi ya yi tsada. A wata na uku wani ɗan gulma ya kai wa Alhaji cewa an ga sabulun Kano a gidan yayar Baba Modu, wai tsohon ya koma yi wa 'yan Kano aiki a ɓoye, shi ya sa yake danne namu.

Alhaji mutum ne mai haƙuri, amma ba ya jure a ce an ci amanarsa. Ya kira ni ofis, manaja na zaune, fuskarsa a murtuke.

Ya ce, "Habu, masu saye sun zaɓi wannan sabulu ko ba su zaɓa ba?"

Na ce, "Sun zaɓa, ranka ya daɗe. Ai ga rahoto."

"To kaya na da kyau, masu saye na so, a Nguru yana tafiya, a Gashuwa ba ya tafiya. Laifin wa?"

Ya turo mini ambulan. Ƙa'idar kamfanin ita ce ba a korar wakili da saƙon baki. Jami'in talla ne ke kai masa takarda, ya karɓi ragowar kaya da makullin sito, ya dawo da su.

Washegari da safe na hau motar Gashuwa. Tun daga Jajimaji nake ta tunanin takardar da ke aljihuna. Rasa aiki abu ne mai zafi, amma wannan wasiƙa cewa take yi dattijo ya ci amana, kuma a gari irin Gashuwa kafin la'asar kowa ya ji. Da wace fuska zai ƙara shiga kasuwa?

Na same shi a ƙofar sito, a kan benci, yana jan carbi. Ya dube ni, ya dubi aljihuna, ya gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, bawana. Yau ba nono ka kawo ba, takarda ce ko?"

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Bar ta a aljihu tukuna, ba ta ruɓewa. Taso mu je ka gai da yayata. Ai ita aka ce an ga sabulun Kano a gidanta, ko? Gaskiya ne, an gani. Zo ka ga sauran."

Yayar tasa, Ya Falmata, tsohuwa ce tukuf, tana sayar da sabulu da gishiri da daddawa a cikin gida, matan unguwa wajenta suke aike. Muka yi sallama, ta shimfiɗa mana tabarma a rumfa. Da Baba Modu ya ce mata ga mutumin kamfani, sai ta tafa hannu.

"Alhamdu lillahi! Yau ga mai kaya ya zo. Ɗana, ɗaga kanka."

Na ɗaga kai. Jama'a, duk rufin rumfar nan, tsakanin kara da kara, takardun sabulunmu ne a soke, an ninke su tsaf. Na dubi zana, su ne. Na dubi tsagar katanga, su ne.

Na ce, "Iya, ado kike yi da su?"

Ta ce, "Ado? Kai wane irin Musulmi ne? Sunan Allah ne fa a jiki, da baƙaƙe irin na Alƙur'ani. A bola kake so in zuba?"

Sai ta shiga yi mini bayani kamar tana koya wa jikanta alwala. Sabulu ina ake kai shi? Bakin rijiya, wurin wanki, makewayi. Mace ta ɓare takarda hannunta a jiƙe, ga ruwan datti na gudu, ga kaji na tono, ba ta da inda za ta ajiye. In ta yar, tana tsoron zunubi. In iska ta kwasa ta kai kwata, tana tsoron zunubi. In ta ce za ta sa a murhu, wani ya ce ya halatta, wani ya ce a'a, ita kuma ba malama ba ce.

Ta ce, "Ran nan akuyata ta fizgi guda ta haɗiye kafin in kai gare ta. Kwana uku ina istigfari."

Baba Modu ya ce, "Akuyar nan yanzu ta fi wannan Bafulatanin karatu."

Karo na farko a rayuwata, Babarbare ya tsokane ni na kasa ramawa.

Ta ce da matan unguwa suka rasa yadda za su yi, sai suka riƙa dawo mata da takardun, tunda a wajenta suka saya. Da rumfa ta cika, sai suka ce ta samo musu na Kano. "Ba ya kumfa kamar naku, ga cin hannu. Amma takardarsa boko ce, ka yar ka yi tafiyarka. Ɗana, mu wanki muka zo yi, ba ajiyar amana ba."

Da muka fito waje na ce, "Baba, tun yaushe ka san wannan?"

"Tun makon farko."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa wa manajanku. Ya buɗe durowa ya nuna mini takarda, wai masu saye sun zaɓa, kowa ya amince. Da sa hannunka a ƙasa, bawana. Takardarka ta fi bakina ƙarfi."

"Shi mai gidan fa?"

"In je in ce wa mutum sunanka ne ba ya sayuwa? Je ka faɗa masa, tunda kai ne ɗan boko."

Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ni na tara masu babbar riga, ni na cika su da kaza, ni na rubuta abin da ba haka ba da kyakkyawan rubutuna, sannan ni aka aiko in kori mutumin da ya faɗi gaskiya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na koma ciki na roƙi Ya Falmata ta ba ni takardun. Kafin in rufe baki ta aika maƙwabta. Zuwa azahar mata sun yi ta aiko da nasu, a kwano, a faifai, a ƙullin zane, har da masu sa mini albarka. Muka cika buhu guda, da ƙyar bakinsa ya ɗauru. A tasha na hana a cusa shi ƙarƙashin kwalayen kifi. A cinyata na riƙe shi har Nguru, fasinjoji na tambayata ko ƙwai ne.

Kafin in shiga wajen Alhaji na biya ta shagon dattijon nan da ya fara cewa Masha Allahu. Ina leƙawa sai ga sabulunmu a jere, tsirara kamar da. Ashe masu shagunan Nguru ɓare takardun suke yi su adana a kwali can cikin sito, su sayar da sabulun haka, don kada Alhaji ya ji ba daɗi. Wannan ce tafiyar da ake cewa yana yi a Nguru.

Na ce, "Baba, ashe kun gani tun ran taro?"

Ya ce, "Mun gani mana, makafi ne mu? Amma kana gidan mutum, kazarsa na bakinka, ga sunansa, ga baƙaƙen Larabci, sai ka buɗe baki ka ce bai yi ba? Kai ma dai, Habu."

Na shiga ofis da buhu a kafaɗa. Alhaji na zaune, manaja na tsaye kusa da tebur. Alhaji ya ce, "Ina makullin sito?"

Na ajiye ambulan a gabansa yadda ya ba ni, ba a buɗe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban bayar ba. Saƙo na kawo daga masu saye."

Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na kwance bakin buhu, niyyata in ɗebo kaɗan in ɗora a tebur. Sai buhun ya suɓuce ya kife, takardu suka watsu a ƙasa, wasu har kan takalmin manaja. Manaja ya ja da baya, saura ƙiris ya taka guda.

Alhaji ya zabura daga kujera ya daka tsawa. "Kai! Ɗaga ƙafarka! Ba ka ga sunan Allah a jiki ba?"

Ya durƙusa da babbar rigarsa yana tsincewa, mu ma muka durƙusa. Ya tsinci kamar goma, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya ƙura wa wadda ke hannunsa ido, an ninke ta huɗu, ga baƙin hayaƙin rumfa a gefenta. Sannan ya ce a hankali, "Haka suke yi da su?"

Na ce, "Kowane gida, ranka ya daɗe. Duk ranar da aka yi wanki."

"Inna lillahi. Mun ɗora wa bayin Allah kaya." Ya juya ya dubi ambulan. "Modu ya san abin da ke cikin wannan?"

"Ya sani, tun kafin in zauna."

Nan take ya sa aka gaya wa direba ya shirya, da safe za mu Gashuwa.

Takardun kuwa, aka tambayi malamai, aka ƙone su a wuri mai tsabta haɗe da waɗanda suka rage a sito, aka binne tokar. Asara ce babba, amma Alhaji bai yi ƙorafi ba. Ni na zaci tawa ambulan ce za ta biyo baya, sai ya ce tunda ni na ɓata, ni zan gyara.

Tambaya ta biyu ba taro muka yi ba. Muka nemi mata huɗu, har da Ya Falmata, muka ba su samfura ba sunan kowa a jiki, suka shiga gida-gida a Nguru da Gashuwa da ƙauyukan Karasuwa, a daidai lokacin da ake wanki. Ni kuma na bi masu wanki da guga bakin kogi, na tsuguna tare da su har wandona ya jiƙe. Ba mu ce wa kowa "ya yi kyau?" ba, don wannan tambaya amsarta ɗaya ce a ƙasar nan. Sai mu ajiye kala uku mu ce a ɗauki ɗaya kyauta, mu ga inda hannu zai je. Kifi ya ci, saboda ana iya aike a ce a sayo mai kifi ba sai an karanta komai ba. Matan suka kuma ba mu abin da ba wanda ya taɓa tunaninsa a ofis. Suka ce a yi wa sandar tsaga, don da zare ake yanka ta gida uku a sayar, kuma kullum sai an yi gardamar wane yanki ya fi wani. Muka sa aka gyara wajen zubi.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba maƙaryata ba ne, kara ce da su. Ba za su kalli idonka su kushe kayanka ba. Za su yaba, su yi maka addu'a, su je su sayi na wani. Tambayar mai saye ba ta da wuya, kowa ya iya. Wuyar ita ce ka san wane ne mai sayen, don sau da yawa wanda ke tsaye a shago ɗan aike ne kawai ko da yana da gemu, mai kayan tana can bakin rijiya. Sannan ka same ta a inda bakinta zai iya buɗewa.

Na bar muku zuwanmu Gashuwa a ƙarshe, don shi ya fi tsaya mini a rai. Alhaji ya sauka a ƙofar sito, a gaban mutane ya kama hannun Baba Modu da hannu biyu, ya ce ya zarge shi a kan abin da bai yi ba, ya yafe masa don Allah. Baba Modu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na yi ajiyar zuciya, na ce shi ke nan an daidaita.

A hanyar dawowa, mun wuce Jajimaji, na waiga na ga Alhaji na goge ido da hannun riga. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ya yafe."

Ya ce, "Ba ka ji abin da ya kira ni ba? Shekara talatin muna tare. In ka cire mahaifiyata, Modu kaɗai ke ce mini Audu."

Baba Modu ya ci gaba da aikinsa da gaskiya har ƙarfinsa ya ƙare, kuma kafin shekara ta zagayo sabulu ya koma matsayinsa a kasuwa. Amma har Allah ya karɓi ran tsohon nan, ba wanda ya ƙara jin sunan nan a bakinsa. Don haka ku yi hankali da abin da kuke sa wa hannu, 'ya'yana. Ni na sa nawa cikin minti ɗaya, ya ci abotar shekara talatin.